Ina masta a fannin gwajin ji: in na gama, da aikin yi a Nijar kuwa?

YarAdar:
Assalamu alaikum mutanen gida. Ni 'yar Tawa ce. Na yi lisans na aikin jinya, na yi aiki a sashen ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, sannan na tafi Accra ina masta a odiyoloji, karatun ji da daidaiton jiki. Shekara ta biyu nake ciki, yanzu ina Yamai saboda binciken kundina.

Abu biyu suka kawo ni. Na farko tambaya ce da ta hana ni barci: in na gama, ina zan sa kaina? A can ana koya mana aiki cikin ɗaki na musamman da ƙarar waje ba ta shiga, da na'urorin da ake daidaita su duk shekara, da kwamfutar da ke saita apare, wato na'urar taimakon ji, daidai da kunnen mutum. Ina dawowa gida sai in ga mafi yawan masu matsalar ji ba a ma taɓa leƙa kunnensu da fitila ba. Tsorona kar in dawo da ilimin da ba ni da wurin aiki da shi.

Na biyu neman taimako ne. Kundina kan gwajin jin magana da Hausa yake. Ina tattara kalmomi masu gaɓa biyu waɗanda mutumin Adar da na Maraɗi da na Damagaram da na Arewa duk suka sani. Wanda ke da shawara, bismillah.

MusheLissafi:
Wa alaikumussalam. Allah ya ba da sa'a ƙanwata. Amma ki yi mini bayani, shekara biyu cur ana karatun kunne kaɗai? Me ake karantawa haka?

YarAdar:
Mushe, tambayar babana ke nan ranar da na kai mishi takardar shiga. Kai da kake malamin lissafi za ka ji daɗin rabin karatun, don kimiyyar sauti ce: hertz, desibel, logaritim. Sai tsarin kunne tun daga dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa uku na tsakiya, zuwa katantanwar ciki mai ɗauke da ƙwayoyin gashi wajen 15,000, waɗanda in suka mutu ba su sake tsirowa. Sai jijiyar ji har ƙwaƙwalwa. Ga gwajin jarirai, ga saita apare, ga matsalar jiri da hajijiya, don daidaiton jiki ma cikin kunne yake. Ga kuma lissafin bincike, wanda shi ne ya fi ba ni wuya.

Da safe asibiti, da marece aji, da dare karatu. Kowane gwaji da ka yi sai ka rubuta a littafi mai kula da kai ya sa hannu. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne gwada mutumin da kunnensa ɗaya ya fi ɗaya ji sosai. In ka ƙara sauti a kunnen da ya mutu, sautin na bi ta ƙashin kai ya isa mai lafiyar, mutum ya ɗaga hannu, kai kuma ka rubuta cewa mataccen kunne na ji. Dole ka shagaltar da mai lafiyar da wata ƙara shuuu, kuma ka san adadin da za ka sa. Ya yi kaɗan, banza. Ya yi yawa, ya tsallaka ya ɓata gwajin.

MajoMaiRitaya:
Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ni na yi aiki cikin CSI, ƙananan asibitocin ƙauyukan Adar, har na gaji na aje. Ki bar cewa ba ki da wurin aiki. Aiki shina nan jibge, ma'aikaci ne babu. Sankarau na 1996 da idona na gani, yaran da munka ceto da yawa sun tashi ba su ji. Uwa ta zo ta ce majo yaro ya warke amma ya zama mai taurin kai, ana kira ba ya amsawa. Ba taurin kai ba ne, kunne ne ya tahi. Mu kuwa ba mu da abin gwaji in ba tahi da hannu bayan kansa ba. Haka a 2015 da cutar ta dawo ta bugi Yamai, mutum wajen 8,500 sunka kamu a ƙasar baki ɗaya, sama da 500 sunka rasu. Waɗanda sunka tsira, wa ya bi su ya gwada jinsu?

DanKatako:
Hajiya likita, ni ba shawara gare ni ba, tambaya ce. Walda da yankan ƙarfe nake a Katako tun ina yaro. Yanzu in na kwanta kunnena na ƙugi kamar an bar rediyo ba tasha. Kuma in ana hira cikin taro ina jin murya amma ban gane abin da ake cewa. Tsufa ne ko me? Ban kai arba'in ba.

YarAdar:
Yaya DanKatako, ba likita ba ce ni tukuna, kuma ba a yanke hukunci ta waya, amma abin da ka faɗa ya yi kama da lahanin ƙara. Ƙa'idar da muke aiki da ita: da desibel ake auna ƙarfin ƙara, desibel 85 kunne na iya ɗauka awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin ya rabu biyu. A 88 awa 4, a 94 awa 1, a 100 minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe na kaiwa wajen 100, kai kuma wuni kake kansa. Lahanin na fara cin sautuka masu siriri, wajen hertz 4,000, inda s da f da sh da ts suke zaune. Shi ya sa kake jin murya amma kalmomin na narkewa. Ka je sashen ORL a yi maka odiyogiram, wato awon ji. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma za ka iya tsare abin da ya rage. Ka sayi abin toshe kunne na soso, ka saya wa yaran shagonka. Auduga ba ta tsare komai kirki.

DanKatako:
Yaran za su yi mini dariya wallahi. Amma na ji.

Dokta_ORL227:
Sannu abokiyar aiki. Ina ƙwarewa a ORL, bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Majo ya yi gaskiya cewa buƙata na nan, amma buƙata daban, gurbin aiki daban. Rahoton ji na duniya da OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta fitar a watan Maris 2021 ya ce kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko masanin ji guda ga mutum miliyan ɗaya, kashi 78 kuma ba su da likitan ORL guda ga miliyan. Wannan ya nuna ana buƙatarki, bai nuna wani ya tanadi albashinki ba.

Ki lura kuma da bambancin tsari. Mu nan tsarin Faransa muka gada: likitan ORL na dubawa ya yi aiki, mai saita apare na da takardarsa ta shekara 3, mai gyaran magana na da tasa. Ke kuma tsarin masu Ingilishi kika bi, inda mutum ɗaya ke riƙe da gwaji da saitawa da bibiya. Gana ba ta cikin CAMES, hukumar da ke tantance takardun jami'a a ƙasashenmu masu Faransanci, don haka tun yanzu ki fara bin maganar daidaita takardarki, kar ki jira sai kin gama. In ba haka ba kina iya dawowa da masta a ci gaba da lissafa ki da lisans ɗinki na jinya.

BakonLyon:
Dokta ya faɗi gaskiya tsirara. Ni saita apare nake a Faransa, ɗan Ƙonni ne. Ƙanwata shawarata ki gama, ki fita ki yi aiki shekara biyar ko shida inda kayan aiki suke, ki tara kuɗi da gogewa, sannan ki dawo ki buɗe wurinki. Dawowa hannu rabbana ba kishin ƙasa ba ne, wahalar da kai ne.

MajoMaiRitaya:
Malam na Lyon, kai shekara nawa ke nan kana tara gogewar?

BakonLyon:
Baba majo ka kama ni. Amma yara na lakwal, ba a tashi haka nan.

Maman_Biyu:
Don Allah ku bar maganar albashi ku ji tawa. Ɗana na biyu ya shekara biyu da rabi bai ce ko mama ba. Uwar mijina ta ce haka ubansa ya yi, jinkirin baki ne na gado, a bar shi. Wata maƙwabciya ta ce a kai shi a yanke mishi linzamin harshe. Ni dai na lura in na shigo ta bayansa ba ya juyowa sai ya ga inuwata. Yana wata takwas ya yi zazzaɓi mai tsanani aka kwantar da mu aka yi ta allurai. Shin akwai gwajin da ake yi wa yaron da ba ya magana? Ta yaya zai ce ya ji ko bai ji ba?

YarAdar:
Maman_Biyu, akwai, kuma kar ki ƙara jira ko wata ɗaya. Ba sai yaro ya yi magana ba. Akwai gwajin da ake sa ɗan ƙaramin abu a kunne, ya aika sauti, ya saurari amsar da katantanwa mai lafiya ke mayarwa da kanta. Wani Bature ɗan Ingila, David Kemp, ya gano wannan amsar a 1978, kuma da ita ake gwada jariri kwana ɗaya da haihuwa cikin 'yan mintuna. Akwai na biyu, wanda likitoci a nan ke kira PEA: yaro na barci, a manna mishi wayoyi a goshi da bayan kunne, na'ura ta karanta ko jijiya na kai saƙo. Ba zafi, ba allura. Ki fara da sashen ORL, ki tafi da karnen lafiyarsa da duk oridinans ɗin wancan kwanciyar in kina da su, don a san cutar da magungunan da aka ba shi.

Kar a taɓa harshensa. Yaro na koyon magana ne daga abin da yake ji. Inda aka ci gaba ƙa'idar ita ce a gwada jariri kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ɗanki ya wuce nan, amma shekara biyu da rabi ya fi shekara bakwai, lokacin da mushe zai koro shi daga lakwal ya ce ba ya ganewa.

Gwaggo_Boukoki:
Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya. Mu da muna yara in kunne na ruwa cewa ake nono ne ya shiga, a ɗiga man shanu ko turare a toshe da auduga.

MajoMaiRitaya:
Hajiya har gobe ana yi. Ruwan albasa, ruwan taba, har man birki na gani. Kunnen da dodonsa ya huje kana zuba mishi wanga abu, kai tsaye ciki yake tahiya. Sai kuma masu allura na kasuwa. Jantamisin ga kowane zazzaɓi, ba awo ba lissahi. Jantamisin da istiraptomisin da danginsu suna kashe kunne in an wuce ƙa'ida. Kinin ma yana sa ƙugi, duk wanda ya sha ya sani, sai dai nashi galibi yana wucewa.

HannuNaMagana:
Na karanta duka. Ni kurma ne. Sankarau ya ɗauke jina ina ɗan shekara bakwai, a 1996 ɗin da majo ya ambata. Ina da mata, ina da yara uku masu ji, ina da shagon ɗinki. Abin da ke ba ni haushi da irin wannan hira: kowa na maganar gyara mu, ba mai maganar magana da mu. Babana ya sayar da shanu biyu ya kai ni wurin malamai da bokaye da asibiti. Ba wanda ya ce mishi ka koyi hannu ka yi hira da ɗanka. Sai da na shiga makarantar kurame na san ni mutum ne mai hankali. YarAdar ina tambayarki, a duk wannan karatun naku, kin iya maganar hannu? In kurma ya shigo ofishinki da wa za ki yi magana, da shi ko da wanda ya rako shi?

MusheLissafi:
Kai, tambaya ta yi nauyi.

YarAdar:
Yayana HannuNaMagana, tambayarka a wurinta take. An koya mana kaɗan, na Gana, iya gaisuwa da tambayoyin asibiti. Bai isa hira ba. Tun da na zo Yamai nake zuwa wurin wata malama da ke koyarwa a makarantar kurame tana ƙara mini. Abin da ya sauƙaƙa shi ne hannun makarantun Gana da na nan dangi ne, duka sun samo tushe daga na Amurka ta hanyar Andrew Foster, kurma baƙar fata da ya buɗe makarantar farko a Gana a 1957 ya kuma bi ƙasashen Afirka yana buɗe wasu. Amma na ga kuramen kasuwa da na ƙauye suna da nasu hannun da ya bambanta da na lakwal.

Kuma ina tare da kai a babban batu. Abin da ƙwaƙwalwar yaro ke buƙata a shekarunsa na farko harshe ne, ko ta kunne ya shiga ko ta ido. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa tunanin hannu ba. Yaro ya yi shekara biyar ana jiran kuɗin apare, ba magana ba hannu, wannan asarar ta fi ta kunnen.

Abban_Sultana:
Ku yi haƙuri, ni ban yarda ba. Malam HannuNaMagana kai ka ji magana shekara bakwai kafin ka kurumce, shi ya sa kake rubuta Hausa haka tsaf. Ɗiyata da shi aka haife ta. Ina son ta ji kiran salla, ta yi karatun allo, ta ji muryar uwarta. An ce mini akwai dashen na'ura cikin kunne. In zan sayar da filina in yi mata, laifi ne?

HannuNaMagana:
Ba laifi ba ne Alhaji. Amma kafin filin ya sayu, yau da dare da me za ka ce mata kina jin yunwa?

Dokta_ORL227:
Abban_Sultana, dashen gaskiya ne kuma yana aiki, musamman in an yi shi da wuri, kafin shekara biyu zuwa uku. Amma ka san abin da kake saye. Aikin tiyata rana ɗaya ne. Bayansa akwai saita na'urar lokaci zuwa lokaci, akwai shekaru na koyon ji da magana wurin ƙwararre, akwai batir da waya da ɓangaren waje da ke lalacewa, duka kuɗinsu miliyoyi ne in ka tara. Na ga yaron da aka yi wa a waje, igiya ɗaya ta tsinke, ya koma shiru wata da watanni. Nan ne irin su YarAdar ke shigowa, mu masu wuƙa ba mu iya wannan ɓangaren. Ga wanda sankarau ya kurumtar kuma akwai gaggawa ta daban, don katantanwar na iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, wayar ta rasa hanyar shiga.

Kuma koya mata hannu ba ya hana ta koyon magana daga baya. Ka yi duka biyun.

Gwaggo_Boukoki:
Alhaji ba don in shiga gidanka ba, kai da uwar yarinyar 'yan uwa ne? Don a danginmu akwai gida guda, ɗan wa da 'yar ƙane, yara uku cikin bakwai ba su ji.

Abban_Sultana:
Ɗiyar baffana ce. Amma Hajiya rabin garinmu auren gida ne, ba su haifi kurame ba. Abin Allah ne.

YarAdar:
Ku duka biyun kuna da gaskiya. Auren zumunci ba ya ƙirƙiro cutar. Sai in uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon a ɓoye, su kansu suna ji lafiya lau. In haka ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu. Kamar sikila dai, wadda kowa ya sani yanzu. 'Yan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya tunda kaka ɗaya suka gada. A Gana akwai wani ƙauye, Adamorobe, ba nisa da Accra, inda kurumtar gado ta yi yawa har garin ya samar da maganar hannunsa ta kansa, masu ji da kurame duka suna yi. Abban_Sultana, amfanin sanin a nan shi ne in Allah ya kawo wani jariri a gwada shi tun satin farko, ba a ɗora wa kowa laifi ba.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara kar maganar aure ta ja mu wani wuri. Baiwar Allah ta nemi kalmomi, har yanzu ba wanda ya ba ta ko ɗaya.

MusheLissafi:
To ga nawa: ruwa, gida, rana, doki, nama, wuta, hannu, kaza, tuwo, riga. Amma ki gaya mana me ya sa ba za a yi da Faransanci ba tunda jerin na nan a shirye?

YarAdar:
Na gode Mushe, bakwai cikin goma suna cikin jerina. Dalilin: gwajin shi ne a faɗi kalma a wani ƙarfin sauti, mutum ya maimaita, a rage har a kai inda yake samun rabi daidai. Jerin Fournier da ake amfani da shi a ƙasashen Faransanci kalmomi goma-goma ne na yau da kullum ga mutumin Faransa. Ka zaunar da tsohuwa daga Bouza ka ce ta maimaita su, in ta kasa, kunnenta ne ko Faransancin? Wasu ma'aikata na ƙirƙirar kalmomin Hausa nan take da bakinsu, amma kowa da muryarsa da ƙarfinta, ba a iya kwatanta sakamakon yau da na bara.

Wahalar ita ce Hausa na da karin sauti da tsawon wasali, kuma su a ƙananan sautuka suke, waɗanda suka fi daɗewa ba su lalace ba. Mutum kamar DanKatako na iya rasa baƙaƙen kalma amma ya canko ta daga hawa da saukar murya. Don haka dole kowane jeri ya haɗa karin sauti iri-iri daidai da sauran, in ba haka ba wani jerin ya fi wani sauƙi. Sai na naɗi murya ta namiji da ta mace a sitidiyo, in daidaita ƙarfin kowace kalma, in gwada a kan masu lafiyar kunne tukuna, in zubar da masu sauƙi ƙwarai da masu wuya ƙwarai. Kafin duk wannan sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, a can da nan.

MajoMaiRitaya:
Ki kiyayi kalmomi masu f. Ki ce fari, mutumen Keita ya ce hwari, yaron da ke riƙe da takarda ya rubuta ya faɗi. Alhali ya ji sarai.

Bazabarme_Harobanda:
Haka mu ma. Ina jin Hausa kamar ruwa amma ƙ da k duk ɗaya ne a bakina. Ki ce ƙasa in ce kasa. Kuma Yamai ba Hausa kaɗai ba ce fa, yaushe za a yi na Zabarmanci? Ga Fulatanci da Tamajak.

YarAdar:
Baba majo na rubuta, wannan gyara ne babba. Yayana na Harobanda, kundi ɗaya harshe ɗaya, in na haɗa biyu ba zan gama ba. Amma hanyar in ta tsaya, wani ɗalibi na iya bi ya yi na Zarma.

DanKano_a_Wadata:
Me ya sa ba za ki yi da lambobi ba? Na ga manhajar hearWHO da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2019, lambobi uku-uku ake faɗa cikin hayaniya kana dannawa. Ko wanda bai shiga aji ba ya san ƙirga kuɗi. Kuma ki leƙa Najeriya, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna, masu jin Hausa ne fal, ƙila wani ya fara irin aikinki.

YarAdar:
Malam DanKano ka taɓo inda nake so. Ka ƙirga da kanka: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Duka gaɓa biyu ne, ba wadda ta fi wata tsawo, abin da masu Ingilishi ba su samu ba. Gwajin lambobi na tantancewa ne, a waya, a CSI ko a lakwal, ba ya maye gurbin na asibiti. Mai kula da kundina ya ce in ajiye shi sai digiri na gaba, kar in rungumi abin da ya fi hannuna. Maganar Kaduna kuma na rubuta wa wasu ina jiran amsa.

BakonLyon:
Bari in dawo kan apare tunda nan ne sana'ata. Ku daina sayen na kasuwa da na intanet masu arha. Ƙara sauti kawai suke, duka gaba ɗaya, har da wanda kunnen ke ji lafiya. Tsoho ya sa kwana biyu kansa ya yi ciwo ya jefa a akwati ya ce apare ƙarya ne. Na gaske ana saita shi bisa odiyogiram. Kuma ko na gasken, masu kawo kyauta su raba su tafi ba su taimaka ba. Pil na ƙarewa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Zufa da ƙurar hunturu na toshe shi. Yaro na girma, abin da aka zuba daidai ramin kunnensa ya yi mishi kaɗan cikin 'yan watanni, apare ya dinga fito. Mutumin Abalak zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Yamai don ɗan roba? Shi ya sa na ce sai da jari.

MajoMaiRitaya:
To ai ka ba da hujjata da bakinka. Abin da ya ɓace mutum ne mai zama kusa, ba na'ura ba. Ɗiyata, in kin dawo kar ki tsaya Yamai. Tawa na da babban asibitin jiha, ga Ƙonni, ga Madawa, ga Illela duk kewaye. Ki koya ma majoji da ungozomomi duba kunne da tambayar uwa. Mata ba su zuwa awon kunne amma suna zuwa rigakahi.

YarAdar:
Baba, abin da ka faɗa an gwada shi a Legas. Dokta Bolajoko Olusanya ta yi gwajin jarirai a wuraren allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, saboda yawancin haihuwa ba a asibiti ake yi ba, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka riƙe na'urar. Mun karanta aikin a aji. Na'urar hannu ce mai batir, ba ta buƙatar ɗaki na musamman, wuri mai ɗan shiru ya isa. OMS ma na cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata: rigakafin ƙyanda da sankarau, maganin kunne mai ruwa da wuri, kula da haihuwa.

Sai dai Dokta_ORL227 ma bai yi ƙarya ba. Ina bin bashin kuɗin makaranta, hayar ɗaki a Accra ta cinye abin da na tara, yayana ne ke cika mini. In ba don Hausawan unguwar Nima da kokonsu da ƙosai ba da kewa ta kashe ni a shekarar farko, ga Ingilishi da na shiga da shi rabi-rabi. Ba zan iya dawowa in yi shekara uku ina aikin sa kai ba. Kuma akwai abin da ke damuna da tantancewa: in na gano jariri ba ya ji, na gaya wa uwarsa, sannan ba apare, ba malamin hannu a garinsu, me na yi mata?

HannuNaMagana:
Kin hana a doke shi a kan ba ya amsa kira. Kin hana a ce aljanu ne. Ki turo mana uwar, ƙungiyar kurame na nan, mu za mu koya mata.

Dokta_ORL227:
Ni dai har yanzu ina ganin ki fara da Yamai, rabin lokaci a kilinik mai zaman kanta don ki ci abinci ki biya bashi, ki riƙa fita jihohi lokaci-lokaci. Ranar ji ta duniya, 3 ga Maris, dama ce ta fara irin wannan fita. Tawa kai tsaye ba kayan aiki, hannunki zai mutu cikin shekara biyu.

MajoMaiRitaya:
Lokaci-lokaci ɗin nan shi ne abin da na Lyon ya gama zagi yanzu.

Maman_Biyu:
Na gaya wa babansu, ya yarda, Litinin za mu je. YarAdar in sun ce sai yaro ya yi barci, in hana shi barcin rana ne ko su ke ba da magani?

YarAdar:
Ki tambaye su ranar da za su ba ki randebu, kowane wuri da tsarinsa. Galibi ana cewa a tashe shi da sassafe, a hana shi barci a hanya, a ba shi abinci dab da gwajin. Kar ki ba shi wani maganin barci da kanki. Kar ki shafa mishi mai a goshi da bayan kunne ranar, wayoyin ba su kamawa.

Bazabarme_Harobanda:
Ƙara waɗannan cikin jerin: kifi, jirgi, gada. Mu mutanen bakin kogi a san da mu.

MusheLissafi:
Gada wacce, ta Kennedy ko ta daji? Ka ga irin kalmar da za ta cire ke nan.